Mai Amsawa da Wayar Sagiru

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta bakin tasha, a ƙofar masallaci, har ɗan acaɓan da ke kai ni kasuwa, kowa sai ya ce Malam Bala ya hanya, ka ga teku kuwa? Na gan shi. Ruwa ne mai yawa, kuma ba ya shayuwa. Malam Hamisu abokin aikina, wanda bai taɓa wuce Kaduna ba, shi ya fi kowa naci, so yake lallai in ce masa mutanen can kwaɗi suke ci. Duk lokacin da na fara ba da labarin sai in tsaya a rabi, saboda akwai wurin da ba na son isa a gaban masu shan shayi suna dariya. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamin firamare ne a wani ƙauye bayan Maska. Makarantar tana rufe tun da mutanen daji suka matsa mana, yawancinmu muka dawo Funtuwa muka raɓe a gidajen 'yan'uwa. Bayan aikin yara ina da ajin yamma na manya, magidanta manoma waɗanda boko ya wuce su suna ƙanana. Wata ƙungiya ce ta zo ta saka musu manhajar karatu a wayoyinsu, kowa da sunansa a ciki, don ko an watse a ci gaba da karatu. Matsalar ita ce ayyukan gwajin da ke ciki duk da Turanci suke, kuma a kan abubuwan da ba mu sani ba. Har akwai wanda ake ce wa mutum ya zaɓi tufafin da zai sa in ƙanƙara na zuba. Da muka yi ƙorafi, sai suka ce a turo malami ɗaya taron horo a Kwatano ta ƙasar Benin, a koya masa yadda zai riƙa ƙera nasa da Hausa. Ni aka tura, ba don na fi kowa ba, sai don ni ne mai fasfo.

Sai na ambaci Sagiru kafin mu hau hanya, don da shi na tafi a raina. Ɗan ajina ne, manomin auduga da masara, yana da mata ɗaya, Sa'ade, da 'ya'ya biyu. Abin da ya kawo shi aji bai wuce ya iya karanta rubutun jikin robar maganin feshi ba, saboda wata shekara ya ƙone rabin gonarsa da maganin da ba na auduga ba. Da muka dawo gari ya ƙi sakin gonar, kullum sai ya hau babur ya je ya dawo kafin la'asar. Ana noman farko mutanen daji suka ɗauke shi a can, shi da babur ɗin da wayarsa. An kira gida sau ɗaya da lambarsa, daga nan shiru. Bayan wani lokaci wani ɗan Gozaki da aka sako ya zo har gida, ya ce ya bar Sagiru kwance da zazzaɓi ba ya iya tashi, kuma kafin ya taho ya ji masu gadinsu na cewa ya cika. Gawa dai bai gani ba. Liman ya yi shawara da yayan Sagiru, Alhaji Ilu, aka yi addu'a, aka raba sadaka, Sa'ade ta shiga takaba. Tana ciki na bar gari.

Daga Funtuwa na hau motar Zariya da sassafe, a can na samu babbar mota mai zuwa Legas. Hanyar Birnin Gwari ta fi kusa, amma a tasha babu wanda ya ko ambaci sunanta. Muka bi ta Kaduna da Abuja da Lakwaja, doguwar hanya, wadda ita ma ba a rantse mata ba. Direbanmu motocin da ke tahowa daga gaba yake lura da su. In ya ga an ɗan jima babu wadda ta gifta mu, sai ya gangara gefe ya kashe mota, kowa ya yi tsit, har sai wata tirela ta ɓullo ta ba shi fitila alamar gaba lafiya. Babu fasinjan da ya tambaye shi dalili.

Kusa da ni wata Hajiya ce 'yar Malumfashi, mai kai daddawa da kuka Legas. Tun kafin mu bar Zariya ta goge saƙonnin banki daga wayarta, ta ce ni ma in goge. Da ta ga jakar kwamfutar da ƙungiya ta ba ni aro, sai ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in aka tare mu da wannan a cinyata to ni ne babban ma'aikacin gwamnati, ko na dafa Alƙur'ani ba za su yarda ni malamin firamare ba ne. Ba ta jira na amince ba, ta kwance bakin buhunta ta cusa kwamfutar a tsakiyar ƙullin daddawa ta ɗaure. Allah ya kiyaye, ba a tare mu ba. Amma har na gama horon nan, duk lokacin da na kunna kwamfutar ta ɗan yi ɗumi, sai ɗakin taro ya ɗauki ƙamshin miyar kuka, mutane su riƙa waige-waige, ni kuwa in ɗaure fuska kamar ban san zancen ba.

A Legas na kwana Agege wajen wani ɗan garinmu mai sayar da albasa. Ɗakin cike yake da mutanen wajenmu, yawancinsu manoma ne da suka bar gona suka koma dako da turin baro. Ba wanda ya tambaye ni damina ko farashin masara. Kowa ƙauyensu yake tambaya, wa aka ɗauka, wa aka sako. Washegari na hau ƙaramar mota zuwa iyakar Seme, inda aka nemi katin rigakafin shawara, ɗan katin nan rawaya, wanda na baro a Funtuwa cikin aljihun wata riga. Dole aka yi mini sabuwar allura a wani ɗan ɗaki, hannuna ya kumbura ya yi kwanaki ba ya ɗaguwa sosai. Wani jami'i kuma ya ce in buɗe kwamfutar ya gani. Ya matso da fuska, ya ja baya da sauri, ya tambaye ni ko abinci nake ajiyewa a ciki. Yana toshe hanci ya buga mini hatimi.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Kwatano babura ne. Na ɗauka Funtuwa ce uwar babura, ashe wasa muke yi. 'Yan acaɓansu duk riga ɗaya suke sawa, rawaya, da lamba a baya, kuma mata ma tuƙa nasu suke, da jaka a kafaɗa da takalmi mai tsini. Fetur a manyan kwalabe ake jera shi a bakin titi cikin rana. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a can in babura da yawa suka taho tare, ba wanda ke ɗaga kai. Ni kuwa ranar farko ina tsaye a ƙofar masauki wani ayari ya shigo layin, ban san lokacin da na tsinci kaina a bayan tukwanen fulawa ba. Mai gadi ya yi ta dariya, ni ma na taya shi. Ya nuna mini cewa masu jana'iza ne. Ashe wasunsu sukan ajiye mamaci a asibiti makonni, a ɗinka anko, a ɗauko masu kiɗa, a raka shi kamar ana kai amarya. Na ce mu kafin rana ta juya an kai mutum makwancinsa. Ya ce muna da gaggawa.

Masaukin na wata coci ne, tsaf-tsaf, ana jin rugugin teku ta taga. An haɗa ni ɗaki da Malam Mahamadu, malamin makaranta daga wajen Madarumfa a Nijar, dogo, mai ƙarancin magana. Shi ya zama tafintana, don Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Tasu makarantar ma a rufe take, dalilinmu ɗaya, dajin ma kusan ɗaya ne. Na lura ba ya rataye rigarsa, a naɗe yake ajiye ta kan takalminsa kusa da ƙofa. Ni ma haka nake yi a gida, don in an shigo da dare mutum ya sura ya gudu.

Abinci kuwa na sha fama. Da safe burodi ne dogo kamar taɓarya, mai tauri, har ya fasa mini dasashi. Da rana aka kawo wani tuwon masara mai tsami da miyar kuɓewa, na sa hannu da murna na ɗauka na iso gida, sai na ciro ƙaguwa sukutum da ƙafafunta. Mahamadu ya ce halal ce, na ce na yarda, amma ta tsaya daga can. Sai da ya kai ni Zango, unguwar Hausawan garin, na samu tuwon shinkafa da miyar taushe. Mai abincin jikar wasu Katsinawa ce da ba ta taɓa ganin Katsina ba. Ta tambaye ni wai da gaske ne yanzu a wajenmu sai an nemi izinin mutanen daji kafin a girbe gona. Na ce da gaske ne. Ta ƙara mini nama.

Mai koyar da mu wata mata ce, Madam Rozin, gajeruwa, mai saurin magana, tana juya Turanci da Faransanci yadda ta ga dama. Abin da ta koya mana ba shi da wuyar fahimta. Cikin manhajar akwai wurin da malami ke ƙera aikin gwaji da kansa: na canki-canka, na cike gurbi, na jawo hoto da yatsa a ajiye shi inda ya dace, na jera abubuwa bi da bi. Kana gamawa ka danna, ya tafi wayoyin 'yan ajinka duk inda suke. In ɗalibi ya ci, wayar ta yi masa tafi. In ya faɗi, ta gaya masa abin da malam ya tanada, ya sake gwadawa. Tunda yawancin 'yan ajina ba su kai ga karanta umarni ba, sai ta nuna mini yadda zan naɗi muryata a kan kowace tambaya.

A nan muka fara saɓawa da ita. Abin da na naɗa wa wanda ya faɗi shi ne, kai, buɗe idonka mana. Da Mahamadu ya fassara mata sai ta riƙe kai. Ta ce mutumin da ke zaune shi kaɗai da waya, in ka yi masa tsawa kashe ta zai yi, ba kamar aji ba ne inda zai ji kunyar tashi ya fita. Na ce mu haka aka koyar da mu, har da bulala, ga mu kuma mun zama mutane. Ta ce ta ji, in sake dai. Na sake naɗa, ka kusa, sake dubawa a hankali. Na ji kaina wani iri, don ban taɓa yi wa ɗalibi magana da irin wannan murya ba.

Aikina na farko na noman masara ne. Hotuna ne a hargitse, sharar gona, huɗa, shuka, noman farko, zuba taki, girbi, mutum ya jera su yadda suke biyo juna. Na biyu na haruffa ne, a haɗa hoto da harafin da sunansa ya fara da shi: auduga, buhu, dawa, fartanya. Na tura wa 'yan aji. Akwai shafin malami inda sunayensu ke jere, wanda ya yi aiki sai ɗigo kore ya bayyana a gaban sunansa. Ban sa rai da yawa ba, na san halin data da caji a wajenmu. Washegari bayan la'asar na buɗe, na ga ɗigo a gaban mutum uku ko huɗu. Ɗaya daga cikinsu Sagiru ne.

Dama ban cire sunansa daga aji ba, hannuna ne ya ƙi. Na zauna ina kallon ɗigon nan har Mahamadu ya taɓa kafaɗata ya tambaye ni ko lafiya. Aikin masara an jera shi daidai tun gwajin farko, kuma a yammacin aka yi shi. Lambar Sagiru ta daɗe ba ta shiga, na sake kira a wurin, aka ce a kashe take. Na ruga wajen Madam Rozin. Ta saurare ni da kyau, sannan ta ce manhajar ba ruwanta da layin da ke cikin waya, ko an canza shi tana nan da sunan wanda aka saka mata. Abin da shafin ya sani kawai shi ne an taɓa wayar, bai san hannun wa ba ne. Mahamadu ma ya ja ni gefe.

"Malam Bala, kak ka yi gaugawa. Wanga aiki na masara, duk wanda ya tashi ƙauye ya iya shi. Bari mu ƙara gani tukuna."

Na ji shi, amma ban ɗauka ba. Murna ce ta cika ni, irin wadda na daɗe da manta ɗanɗanonta. Na fita waje na kira Alhaji Ilu na gaya masa abin da na gani, na gaya masa abin da Madam ta ce, na roƙe shi ya bar maganar tsakaninmu har in dawo. Ya ce in sha Allahu. Amma wa zai iya ɓoye wa uwa irin wannan? Kafin magariba matata ta kira ni tana kuka tana dariya, ta ce unguwa ta ɗauka, wai Malam ya ga Sagiru a kwamfuta yana karatu. Inna, mahaifiyarsa, ta yi sujada a tsakar gida. Washegari liman ya ce tunda mutuwar ta shiga shakka, kuma dama ba a ga gawa ba, Sa'ade ta dakata da takaba. Mata suka taru aka yi mata kitso, aka yi mata ƙunshi, mutane suna ta shigowa barka.

Daga ranar ni ba horo nake yi ba, gadin ɗigo nake yi. Duk abin da Madam ta koya da safe, kafin azahar na ƙera shi na tura, har sauran malamai suna cewa ɗan Najeriya ya fi kowa himma. Kuma duk abin da na tura, bayan la'asar sai an yi shi da sunan Sagiru. Sai dai akwai abin da ya riƙa damuna. Aikin da ya shafi gona ko dabbobi nan take ake cinye shi. Na haruffa kuwa faɗuwa ake yi, faɗuwar wanda bai taɓa ganinsu ba, alhali Sagiru ya wuce nan tun bara, har ya fara haɗa kalmomi. Sannan mai yin aikin ba ya gajiya, zai maimaita abu ɗaya har sai ya ci. Sagirun da na sani in ya faɗi sau biyu ture littafi yake yi ya ce kansa ya yi zafi. Na gaya wa kaina yunwa da ciwo suna sa mutum ya manta, kuma wanda ke ɗaure ba shi da abin yi sai maimaitawa. Mahamadu ya tambaye ni sau ɗaya, a hankali, ko na taɓa jin an bar wa wanda aka kama waya da data. Na yi fushi da shi, muka wuni ba mu yi magana ba.

Manhajar tana bari a tura wa ɗalibi ɗaya aiki shi kaɗai. Sai na ƙera tambaya guda na naɗa da muryata: Sagiru, yaya sunan 'yarka ta fari? Na sa sunaye uku, kowanne in an taɓa shi a ji shi. Da yamma ɗigo ya zama kore, an zaɓi Hafsatu, kuma haka sunanta yake. Na kai wa Madam Rozin kwamfutar. Ba ta yi murmushi ba. Ta danna wani wuri da ban san da shi ba, ta nuna mini na manta ban rufe damar sake gwadawa ba. An zaɓi na farko an faɗi, an zaɓi na biyu an faɗi, sannan aka zaɓi na uku. Ta ce in yi haƙuri. Ni kuwa har a lokacin sai da na ce wataƙila yatsansa ne ke rawa. Ban kira gida ba. Alhaji Ilu ne ke kira kullum, ina ce masa ana nan ana gani.

Darasin ƙarshe na amsa da baki ne, inda ɗalibi ke danna wani wuri ya yi magana, maganar ta zo wa malam. An yi shi ne don gwajin karatu. Na tura wa Sagiru nasa: faɗi sunanka da sunan garinku. Ranar ba a amsa ba, washegari ma haka. Aka yi bikin rufewa, aka raba takardun shaida, aka ɗauki hoto a bakin teku, ana ta cewa in yi murmushi. Mahamadu ya raka ni har tasha. Da za mu rabu ya riƙe hannuna ya ce duk abin da ya zo, in je da ƙafata in faɗa musu, kada in yi ta waya.

Dawowa ba ni da abin da zan ce a kanta, ban ga hanya ba. Wayata tana hannuna tun daga Seme, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Mun tsaya salla da cin abinci a Lakwaja, inda ake sayar da soyayyen kifi a bakin hanya, ina cikin alwala na ji ta yi ƙara. Na idar da salla tukuna, don na san in na saurara kafin nan ba zan iya nutsuwa ba. Sannan na koma bayan motar na kara a kunne. Da farko iska ce, da carar zakara, da wani rediyo daga nesa. Sai murya ta fito, ta saurayi, ba zai wuce shekara ashirin ba, yana magana ƙasa-ƙasa don kada a ji shi.

"Malam, ni ba Sagiru ba ne. Mai wayar ya daɗe da rasuwa, zazzaɓi ne, ba harbinsa aka yi ba. Ni aka ba wayar. Ina dannawa ne na ji muryarka. Ni ban taɓa shiga aji ba. Ka ƙaro mini na haruffan nan, na kusa gane su. Kai ba ka faɗa in an yi kuskure."

Sau ɗaya na saurara. Na zauna a kan wani dutse har direba ya gaji da danna hon, wani fasinja ya zo ya kamo hannuna. Abin da na ji a raina ba baƙin ciki ba ne kaɗai, har da ƙyama. Duk madallar da na naɗa da murya mai taushi, duk tafin da wayar ta yi, wannan yaron aka yi wa, yana zaune wataƙila da bindiga a cinya, a dajin da Sagiru ya kwanta ciwo babu nasa ko ɗaya a kusa.

Na sauka Funtuwa da hantsi, ban biya gidana ba, na wuce gidan Alhaji Ilu da jakata. A zaure na same shi, na ba shi ya saurara. Ya yi salati, ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago bai zarge ni ba, kuma da ya zarge ni da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi shi zai gaya wa Inna, amma Sa'ade ni zan gaya wa, tunda maganata ce ta fito da ita.

Aka yi mini iso. Tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa a faifai. Ta ja mayafi ta gaishe ni da fara'a, ta yi mini ya hanya, har ta ce a kawo wa Malam ruwa. Lallen hannunta ya kama sosai. Na tsuguna daga nesa na faɗi abin da ya kawo ni, ban san da waɗanne kalmomi ba. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta ajiye faifan ta ce tana so ta ji da kunnenta. Alhaji Ilu ya ce ba sai ta ji ba, ta ce za ta ji. Na miƙa wayar, ta saurara har ƙarshe, ta miƙo mini.

"Malam, tunda yana jin maganarka, ka tambayar mini shi. An yi masa wanka? An yi masa salla? A ina suka sa shi?"

Na ce zan tambaya. Daga cikin ɗaki muka ji Inna ta fasa kuka. Da yamma liman ya zo ya ce takaba ta ci gaba, lissafinta daga lokacin rasuwar da ɗan Gozaki ya faɗa yake. Sa'ade ta koma ɗaki ta sa tsofaffin kayanta, matan da suka yi mata kitso su suka tsefe shi. Lallen ne ba yadda za a yi da shi, da shi ta koma, sai da ya gaji ya goge da kansa.

Alhaji Ilu ya kai maganar ga jami'an tsaro, suka karɓi muryar, suka ce sun ji. Ni dai ba ni da lambar yaron, ba ni da sunansa. Hanya ɗaya ce tsakanina da shi, ita ce aikin gwaji. Na tura masa tambayar Sa'ade ita kaɗai, ya yi kwanaki bai buɗe ba. Sai na gane in babu darasi ba zai leƙo ba. Don haka na zauna na ƙera masa na haruffa mai kyau, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, na sa tambayar a ƙarshe. Ya yi duka, ya bar ta.

Malam Hamisu ya faɗa mini a fuska cewa ina koyar da waɗanda suka kashe ɗalibina, gobe in yaron ya iya karatu da shi zai ƙara cutar da mu. Ni ma na yi wannan tunanin, kuma na sha ɗora yatsa a kan sunan zan goge. Amma duk Juma'a sai Sa'ade ta tambayi matata ko ya ce wani abu, ni kuwa ba ni da ƙarfin halin da zan aika mata cewa na rufe hanyar da hannuna.

Yanzu yaron ya wuce haruffa, ya fara haɗa su. Jiya bayan la'asar ya karanta mini kalmomi da baki, guda ɗaya kawai ya kasa, a ƙarshe har ya ce Malam na gode. Tambayar tana nan a ƙasan kalmomin, da muryata, a hankali: a ina kuka binne Sagiru? Shafin ya nuna mini ya saurare ta, ya sake saurare, sannan ya rufe wayar. Yau da safe na zauna na ƙera masa na gobe.